Tsohon madugu mai ido ɗaya: wane tsarin wasa ne zai bar ka ka gina shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina mun jima muna buga Dungeons & Dragons (D&D) bugu na 5 a ƙarshen mako, wasan tebur ne da kowa ke ɗaukar matsayin tauraro ɗaya a cikin labari, jagoran wasa yana tafiyar da shi, ana jefa 'ya'yan ludo don sanin sakamako. Na so in ƙirƙiri tauraro wanda ba ɗan faɗa ba: tsohon madugu ɗan shekara 60, mai ido ɗaya, bashi ya yi masa katutu, amma ya san hanyoyin hamada kuma yana jin harsuna da yawa. Duk yadda na juya littafin, sai in ƙare da ɓarawo mai wuƙa. Wasu sun ce mu koma Pathfinder don ya fi yawan zaɓi. Wane tsari ne ya fi ba mutum damar tsara tauraronsa yadda yake so?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Waɗanda suka ce maka Pathfinder ya fi yawan zaɓi ba su yi ƙarya ba, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Madugunka ba ƙarancin zaɓi ne ya hana shi samuwa ba. Abin da ya hana shi shi ne dokokin D&D ba su damu da abubuwan da suka mai da shi madugu ba. Don haka duk tsarin da aka kawo maka, tambaya ɗaya za ka yi masa: cikin abin da na rubuta a takardar tauraro, wanne ne doka za ta waiwaya idan an zauna a tebur an fara jifa? Shekarunsa? Idonsa? Bashinsa? Ko kuwa takobinsa kaɗai? Da wannan ma'aunin zan bi maka tsare-tsaren, kuma madugun naka zan riƙa ɗauka ina gwadawa a kowanne.

D&D ya fito a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, kuma tushensa wasannin yaƙi ne da ake yi da ƙananan mutum-mutumin sojoji a kan tebur. A bugun farko rukuni, wato nau'in tauraro, 3 ne kawai: mayaƙi, mai sihiri, da mai hidimar addini. Sai ka jefa 'ya'yan ludo 3 sau 6 don samun ƙarfi, basira, hikima, juriya, zafin nama da kwarjini, abin da ya fito shi ne rabonka. Bugun 2014 da kuke bugawa ya faɗaɗa, rukuni 12, kuma kana iya raba lambobin nan na 15, 14, 13, 12, 10, 8 yadda ka ga dama, ko ka saye su da maki 27. Amma ƙashin bayan bai canza ba. Rukuni shi ke ɗauke da kusan komai, kuma kowane rukuni an ƙera shi ne don ya yi wani aiki a fagen fama.

Dubi abin da ya faru da kai. Ka nemi rukunin da ya fi yawan ƙwarewa, sai ka faɗa a kan ɓarawo, domin shi ke zaɓar ƙwarewa 4 tun farko, ya kuma ninka gwaninta a guda 2. Daidai ne. To amma tare da wannan sai a haɗa maka da sukar bazata, wadda ke ƙaruwa duk bayan mataki 2, daga ɗan ludo 1 a matakin farko har 10 a mataki na 19. Kafin ka kai mataki na 10, tsohonka yana da makin rai, wato yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi, fiye da 50, alhali talakan gari a littafin dodanni 4 gare shi. Ba ka nema ba, an ba ka. Shi kuwa ido ɗaya da tsufa, babu abin da suke ragewa ko ƙarawa a lokacin ƙirƙira. Bashin za ka iya rubuta shi a gurbin rauni na tarihin tasowa, amma abin da zai haifar bai wuce jagoran wasa ya ba ka ɗan tukuici idan ya tuna ba. Bayan ka zaɓi reshen rukuni, galibi a mataki na 3, manyan zaɓuɓɓukan da suka rage wa mafi yawan rukunai ba su wuce na matakai 4, 8, 12, 16 da 19 ba. Shi ya sa mayaƙa biyu daga tebura daban suke yin kama sosai. Gyaran 2024 ya mayar da ƙarin lambobi zuwa tarihin tasowa, ya kuma ba kowa baiwa ɗaya, wato wata iyawa ta musamman, tun mataki na 1. Ci gaba ne, ina yaba shi, amma bai taɓa matsalarka ba.

Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ga D&D ba. Baƙon da bai taɓa wasa ba yana iya gama tauraro cikin ƙanƙanen lokaci, kuma da wuya ya gina wanda ba shi da amfani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Pathfinder na kamfanin Paizo ya fito a 2009, an gina shi a kan dokokin D&D bugu na 3.5, bugunsa na 2 kuma ya zo a 2019. A nan ana gina tauraro hawa uku: tsatso, tasowa, rukuni, kowanne yana ƙara wa lambobinka wani abu. Daga nan kusan kowane mataki akwai abin zaɓa. Baiwar rukuni da baiwar ƙwarewa a matakai 2, 4, 6 har 20, baiwar tsatso a 1, 5, 9, 13, 17, baiwar gama-gari a 3, 7, 11, 15, 19. Idan ka tara, kusan zaɓi 30 ke nan kafin ƙarshe. Abin da na fi so a tsarin shi ne an raba aljihun baiwar faɗa da na baiwar ƙwarewa. A D&D in ka ɗauki baiwar harsuna, ka yi asarar abin da zai ƙara maka ƙarfi a yaƙi, sai ka ji kamar ka cuci abokan tafiya. A Pathfinder ba sa cin kuɗin juna. Madugunka zai ɗauki tasowar ɗan kasuwa, wadda ke ba shi iya sulhu, sanin harkar fatauci da baiwar neman araha, sannan ya ƙara harsuna, ya ƙara iya nemo abinci da bin sawu a daji. Za ka ga madugu ya fara fitowa a takarda.

Sai dai lissafin Pathfinder a ɗaure yake tamau. Matakin tauraro yana shiga cikin kowace jifa da ya ƙware a kai, kuma wanda ya zarce lambar da ake nema da 10 ya yi gagarumar nasara, wanda ya gaza da 10 ya yi mummunar faɗuwa. Ma'ana maki 1 yana da nauyi, kuma wasan yana sa ran kowa ya zo da babbar lambarsa a cike, ya kuma yi amfani da motsinsa 3 a kowane zagaye na faɗa. Zaɓuɓɓukan suna faɗaɗa yadda kake faɗa, ba sa ba ka izinin ƙin yin faɗa. Idan ƙorafinka shi ne mayaƙa sun yi kama da juna, Pathfinder ne maganinka, babu tantama. Ga tsohon da ba ya son zare wuƙa kuwa, za ka sami ɓarawo mai wuƙa wanda ya fi na da iya ciniki.

Inda madugunka zai fito da kamanninsa sak shi ne GURPS, na Steve Jackson Games, wanda ya fara fitowa a 1986, bugu na 4 a 2004. Babu rukuni, babu mataki. Jagora zai ce kowa yana da maki kaza, a ce 150, sai ka shiga kasuwa. Lambobi 4 ne, kowacce tana farawa daga 10: ƙarfi da lafiya maki 10 kowane hawa, zafin nama da basira maki 20. Bari in gina shi a gabanka. Basira 13, maki 60. Lafiya 11, maki 10, domin wanda ya sha hanya jikinsa ya saba. Ƙarfi 9, sai a mayar maka da 10. Sanin alƙibla ba tare da ɓata ba, maki 5. Harsuna 3 da yake magana da su da ɗan gargada kuma ba ya rubutawa, maki 2 kowanne. An kashe 71. Yanzu nakasu: ido ɗaya yana dawo maka da 15, bashi a hawa na 10 yana dawo da 10, aƙidar ƙin faɗa sai don kare kai tana dawo da 15. Kana da 119 a hannu, ka zuba su a fatauci, sanin ƙasa, rayuwar hamada, kula da dabbobi, jagorancin mutane, abokan hulɗa a garuruwa, da sunan da ya yi a tsakanin fatake. Har ɗaurin kaya a bayan dabba ƙwarewa ce mai zaman kanta a littafin.

Kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cizo. Ido ɗayan nan yana rage masa 3 idan ya yi harbi bai tsaya ya saita ba. Bashin yana cin kashi 10 cikin 100 na dukiyar da ya fara da ita kowane wata, ko ya samu ko bai samu ba. Jifa kuma 'ya'yan ludo 3 ne, kana neman lambar ƙwarewarka ko ƙasa da ita. Mai 10 yana nasara rabin lokaci, mai 12 kusan kashi 74, mai 14 kusan kashi 91. Saboda haka gwani gwani ne da gaske, ba kamar ɗan ludo mai fuska 20 da kuke jefawa yanzu ba inda masani ke faɗuwa jahili ya ci a jifa ɗaya.

Amma GURPS yana da farashi, kuma jagora ne ya fi biya. Maki 150 na mutum biyu ba ƙarfi ɗaya ba ne. Wani zai zuba nasa duka a takobi, wani a harsuna, dokar ba za ta hana ba, kuma ba za ta daidaita su ba. Akwai kuma masu tara nakasu don neman maki kawai, su ɗauki tsoron teku a labarin da ba za a taɓa ganin ruwa ba. Littafin ya ba da shawarar kada nakasu ya wuce rabin makin farawa, amma ni ina ƙara wata doka a teburina: duk nakasun da ka ɗauka, ka faɗa min yadda kake so ya dame ka a cikin labarin, in ba ka iya faɗa ba a cire shi. Dole kuma jagora ya zauna tun kafin ranar wasa ya tace jerin abin da ya halatta, in ba haka ba sabon ɗan wasa zai nutse a ɗaruruwan ƙwarewa ya rasa tudun dafawa. Kamfanin da kansa ya san haka, shi ya sa yake fitar da samfuran taurari da aka riga aka tsara, waɗanda in ka duba da kyau rukuni ne aka dawo da shi ta bayan gida, sai dai wannan kana iya kwance shi. Hero System, wanda ya samo asali daga Champions na 1981, ya fi GURPS zurfi a wannan hanya, har ƙarfin sihiri kai za ka harhaɗa shi daga sakamakonsa, amma ban ba ku shawarar farawa da shi ba.

Akwai wasu tsare-tsaren da ke ɗaukar shekaru da muhimmanci, kuma tunda tsoho kake so, sun cancanci a ambace su. Call of Cthulhu na Chaosium, wanda Sandy Petersen ya tsara a 1981, yana gina mutane ne na yau da kullum: malami, ɗan jarida, likita. A bugu na 7 mafi yawan sana'o'i suna samun makin ƙwarewa daga ilimi sau 4 ko haɗinsa da wata lamba, sha'awar kai kuma daga basira sau 2. Ɗan shekara 60 ana cire masa jimillar 20 a tsakanin ƙarfi, juriya da zafin nama, a cire 15 daga kyan sura, a ba shi damar ƙara ilimi sau 4. Ƙwarewa kuma ba ta ƙaruwa sai wadda ka yi aiki da ita ka yi nasara. Ina ƙaunar wannan dokar, domin tauraro yana zama abin da ya aikata, ba abin da aka tsara masa tun ranar farko ba. Sai dai wasan tsoro ne, makin rai bai cika wuce 10 zuwa 15 ba, kuma ƙarshen mai bincike sau da yawa hauka ne ko kabari.

Traveller na Marc Miller, 1977, ya bi wata hanya dabam. Kana farawa da shekara 18, ka nemi shiga aiki, soja ko bincike ko fatauci a sararin samaniya, ka yi wa'adi na shekara 4, ka jefa don ganin ko ka tsira, ko an ƙara maka girma, da abin da ka koya. Kana iya ƙara wa'adi, amma daga shekara 34 jiki ya fara raguwa. A bugun asali tauraro yana iya mutuwa tun ba a fara wasan ba, bugun Mongoose na 2008 ya mayar da wannan ya zama hatsari da kora daga aiki. Abin da zai ba ka sha'awa: ɗan fatauci da ya yi ritaya yana iya fita da jirgin kasuwanci wanda ke ɗauke da bashin shekara 40. Wato madugu mai bashi shi ne ainihin tauraron da wasan ke haifarwa da kansa. Illarsa a wurinka ita ce ba kai ke zaɓa ba. Ka shiga da niyyar madugu, jifa ta ƙi, ka fito da korarren soja. Wasu wannan ne daɗin a wurinsu, kuma na ga taurarin da ba wanda zai iya ƙirƙiro su da gangan sun fito ta haka. Ga wanda ya riga ya ga mutuminsa a zuci, abin takaici ne.

Sai Fate Core na Evil Hat, 2013, wanda ya juya al'amarin gaba ɗaya. A nan ba ka zaɓa daga jeri, kai ke rubutawa. Tauraro yana da jimloli 5 da ke bayyana shi. Ta farko ita ce ko wane ne shi, ta biyu matsalarsa, sauran 3 suna fitowa daga labarin da ya haɗa shi da taurarin abokanka. Jimlolin nan kamar kirari suke, irin wanda ke ɗaga mutum kuma ya ɗaure shi. A ce ka rubuta "Madugun da ayarinsa bai taɓa ɓata ba", sannan "Bashin attajirin gabas na wuyana", sannan "Ido ɗaya na bari a rijiyar ƙarshe". Guguwa ta taso, hanya ta shafe: ka biya makin ƙaddara 1, ka kira jimlar farko, ka sami ƙarin 2 a jifarka ko ka sake jifa. Kun isa zango, jagora ya miƙo maka makin ƙaddara ya ce, "Yaran attajirin suna bakin ƙofar gari, sun gane raƙumanka." In ka karɓa, matsala ta shigo kuma aljihunka ya ƙaru. In ka ƙi, kai za ka biya. Ka ga bashin nan ya zama injin da ke tuƙa labari, har ɗan wasa da kansa yake roƙon a taso masa da shi. Ƙwarewa kuma dala ce: 1 a +4, 2 a +3, 3 a +2, 4 a +1, kuma ba wanda ya ce faɗa ya shiga ciki. Gardama a fadar sarki tana da dokoki iri ɗaya da faɗan takobi, ana iya kayar da mutum da magana har ya fita daga fage.

Raunin Fate shi ne, a ƙarƙashin kowace jimla mai daɗi, lissafin ɗaya ne: ƙarin 2. Takobin gado da sanin taurarin sama nauyinsu ɗaya. Wanda ke jin daɗin zama da littafi yana haɗa wannan baiwa da waccan har ya gano wata dabara, zai tashi da yunwa. Kuma yana bukatar tebur mai son ba da labari tare, domin 'yan wasa suna da hannu a abin da ke faruwa fiye da yadda kuka saba.

Zuriyar Apocalypse World na Vincent da Meguey Baker, 2010, da Blades in the Dark na John Harper, 2017, suna ba ka takarda guda da aka riga aka tsara wa wani nau'in mutum, ka yi 'yan zaɓuɓɓuka ka fara wasa nan take. Suna da kyau ƙwarai wajen ɗaure taurari da juna, amma in babu takardar da ta yi kama da madugu a wasan da kuka ɗauka, babu shi ke nan. Vampire: The Masquerade na 1991 da Savage Worlds na 2003 suna tsakiya, maki kaɗan da nakasu kaɗan, na biyun ma yana da nakasun tsufa da na ido ɗaya, kuma ya fi GURPS sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi duk wannan muhimmanci, kuma ina roƙonka ka kai shi gaban abokanka kafin ku sayi komai. Tauraro ba ya rayuwa shi kaɗai. Ko a GURPS ka gina madugu, in jagora ya ci gaba da kawo kogo da dodanni kowane mako, za ka zama ɗan rakiya, kana kallo ana faɗa. Ku zauna ku tambayi juna labarin me kuke so. In mutum huɗu suna son faɗa kai kaɗai kake son ayari, ku tsaya a D&D ko ku koma Pathfinder, kai kuma ka nemi jagora ya ba bashin haƙori: mai bin bashi mai suna, wa'adin biya, da sakamako in an saɓa. Ka ɗauki sukar bazatar a matsayin dabarar tsohon da ya san inda ake bugu, ka yi amfani da ita jefi-jefi. In kuwa duka teburin na marmarin tafiya, ciniki, kuɗin fito da siyasar zango, to ku bar gidan D&D gaba ɗaya. Mai son a auna komai, har nauyin kaya da kwanakin ruwa, GURPS. Mai son labari ya yi gudu, Fate.

Gwajin ba zai ci muku kuɗi ba. GURPS Lite, taƙaitaccen bugun GURPS, shafi 32 ne kuma kyauta ake saukewa, dokokin Fate Core suna intanet kyauta, na Pathfinder kuma suna shafin intanet na Archives of Nethys. GURPS da Traveller 'ya'yan ludo na kasuwa kawai suke bukata. Fate yana da nasa masu alamar ƙari da ragi, amma ludo 4 sun wadatar: 1 da 2 ragi, 3 da 4 babu komai, 5 da 6 ƙari. Kada ku taɓa labarin da kuke ciki, kuma kada ku yi ƙoƙarin mayar da tsofaffin taurarinku zuwa sabon tsari, wannan yana kashe gwiwa. Ku ware zama biyu, kowa ya gina sabon mutum a cikin ayari ɗaya, jagora ya shirya fage guda: rijiya ɗaya a tsakiyar hanya, wani ayari ya riga ku isa, ruwan ba zai ishi kowa ba, kuma shugabansu ya san wanda madugu ke ɓoye wa. Ku buga shi da GURPS Lite a zaman farko, da Fate a na biyu, da mutane iri ɗaya. In kun zaɓi GURPS, jagora ya tsayar da maki 150 da iyakar nakasu 40 zuwa 50 a karon farko, ya kuma rubuto ƙwarewa kamar 30 da suka shafi hamada da kasuwa, a zaɓa daga cikinsu kawai.